Duwatsun da Muka Ɓoye wa Baƙuwa

Mijin yayata ya yi shekara talatin da ɗaya yana gadin makarantar firamaren unguwarmu. Ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Yara da iyayensu duk Baban Makullai suke ce masa, saboda damin makullan da ke rataye a ƙugunsa, waɗanda akan ji ƙararsu kafin a ga mai su. Dogo ne, siriri, yana ɗingisa ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ya yi daga kan tsani. Bai yi karatun zamani ba, bai kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Ni ƙanin matarsa ne, makanikin manyan motoci. Sai da na haura shekara hamsin na shiga ajin manya na koyi karatu da rubutu, kuma tun ranar da ya ga biro a aljihuna ya laƙaba mini Akawu. Da hannuna nake rubuta wannan, domin ina da kaso a cikin abin da ya faru, kuma ban yarda wani ya faɗe shi a madadina ba.

A bayan unguwarmu, idan an wuce inda ake buga bulo, akwai wani rami da masu haƙar tsakuwa suka bari suka yi gaba. Da rani awaki ke kiwo a cikinsa. Da ruwa ya sauka sai ya cika ya batse, samansa a kwance kamar faranti, ƙasansa kuwa gangara ce mai santsi da taɓo mai riƙe ƙafa. Dogon hutun makaranta, mako bakwai cur, a daidai wannan lokacin yake faɗowa. Iyaye suna wajen nema tun safe, ba a ɗora tukunya sai yamma, yara ba abin yi. Kusan kowace shekara sai ramin ya ci yaro. Wata shekara ya ci ɗan Baban Makullai na biyu, mai shekara goma sha ɗaya. Shi da kansa ya shiga ruwan ya fito da shi.

Bai yi kuka a gaban mutane ba. Amma da hutun shekara mai zuwa ya zagayo, ranar farko da ƙarfe takwas na safe, sai unguwa ta ji ƙararrawar makaranta. Mata suka leƙo suna cewa baƙin ciki ya taɓa kan bawan Allah. Suka tarar ya wangale ƙofa, yana tsaye da ƙwallo a hammata, yana kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Haka shirin hutunmu ya fara. Ana buga ƙwallo, ana gyaran bencina, ana dasa itatuwa, 'yan mata na tsallen igiya da saƙa. Shi dai ba abin da za su koya ne ya dame shi ba. Burinsa ɗaya ne: ƙarfe biyar na yamma ta same su a cikin katanga.

Da yake ba ya karanta rajista, sai ya ƙirƙiro tasa. Duk yaron da ya shigo zai cire takalminsa ya ajiye a layi a barandar aji ɗaya. Wanda ba shi da takalmi zai samo dutse ya ajiye a gurbinsa, kuma dutsen nan nasa ne har hutu ya ƙare. Da tsakar rana da kuma lokacin tashi, kowa zai tsaya a bayan abinsa. Inda aka ga takalmi ko dutse ba mai shi, nan take Baban Makullai ya san wanda ya sulale, sai ya ɗauki sanda ya nufi rami. Ya san kowane silifa da kowane dutse kamar yadda na san sifanonina. Fiye da sulusin layin nan duwatsu ne.

Shekara biyun farko sun yi masa wuya, domin yunwa ba ta san katanga ba. Da rana ta take sai yara su watse neman abin taɓawa, kuma hanyar nema ta bakin rami take bi. Ganin haka, hedimastan wancan lokaci ya rubuta wa wata gidauniya mai tallafa wa shirye-shiryen hutun yara. Suka amince da tallafin shekara uku: buhunan shinkafa, da mai, da itace, da ƙwallaye, da akwatin magani, da ɗan abin sabulu ga mata uku masu girki, yayata ce babbarsu. Yara suka kai ɗari da arba'in. Hutu uku a jere ramin bai ci kowa ba.

Da wa'adin ya cika aka aiko da takardar sabuntawa. An riga an yi wa hedimastan canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ce abin da ke faruwa lokacin hutu ba huruminsa ba ne, ya miƙa wa maigadi ambulan bayan ta yi wata guda a aljihun teburinsa. Da ita Baban Makullai ya same ni a gareji, ina ƙarƙashin wata tirela.

"Akawu, fito. Yau za mu ga ko biron nan na ado ne."

"Birona na aiki ne, Yaya," na ce masa. "Makullanka ne dai rabinsu ba su da ƙofa."

"To zo ka buɗe mana wannan, tun da kai ne mai makullinta."

Shafi shida ce. Muka yi yammaci uku a kanta a ɗakin gadinsa, wanda ba komai a ciki sai benci da tabarma da rediyo da ƙararrawa a rataye. Ina karanta tambaya, yana ba da amsa, ina tsara ta. Ba mu sami cikas ba sai a shafi na huɗu, inda aka ce: a bayyana halin da iyalan yaran suke ciki, kuma yara nawa ne ba sa samun abinci sau biyu a rana.

Ya san amsar gida gida. Har ya fara lissafawa: gidan tela, gidan mai wanki, gidan mai faci. Sai ya tsaya.

"Wa zai karanta wannan?"

"Mutanen ofis."

"Su karanta cewa tela ba ya iya ciyar da 'ya'yansa? Mutumin da muke gaisawa kullum safe? Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba, Akawu."

Ban yi masa musu ba, kuma ba don ladabi ba ne. Ni ma abin da ke raina ke nan. Ban zauna a kan bencin yara da furfurata na koyi baƙaƙe don takardata ta farko zuwa ofis ta zama ta bara ba. Na rubuta cewa iyayen yaran mutane ne masu rufin asiri, masu neman na kansu, waɗanda suke tsaye a kan tarbiyyar 'ya'yansu. Na karanta masa sau biyu. Jimlar ta yi mini daɗi ƙwarai.

Tambayar ƙarshe ita ce: me zai faru idan ba a sami tallafin ba? A nan na ce masa ya kamata mu ambaci ramin, mu ambaci marigayi.

"Ba zan kai gawar ɗana kasuwa ba," ya ce. "Rubuta cewa Allah ba zai hana mu yadda za mu yi ba."

Haka na rubuta.

Da yake takardar ta makara, sai aka aiko cewa wata jami'a za ta zo ranar Alhamis ta makon farko na hutu ta gani da idonta, sannan a yanke hukunci. Akwai ragowar buhu uku na bara, da su muka buɗe.

Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya ba da umarni. An dai ji baƙuwa na tafe, kowa ya yi abin da aka haife shi ya tarar ana yi. Mai fenti ya shafe katangar gaba da barandar kyauta. Mai hayar kujeru ya kafa rumfa ya jera fararen kujeru hamsin. Mahauci ya aiko da cinya guda. Tela ya rufe shagonsa kwana biyu yana ɗinke rigunan yaran unguwa. Iyaye mata suka bazu gidajen dangi aron takalma. Ranar Laraba da la'asar na tarar da Baban Makullai yana bin layin baranda yana tsince duwatsun yana zubawa a bokiti. Yayata na tsaye a kansa, hannu a ƙugu.

"Malam, wannan fa ƙarya ce," ta ce.

"Ba ƙarya ba ce, sutura ce."

"Wanda ya je wajen likita ya ɓoye ciwo, wa ya cuta?"

"Likita daban, baƙo daban. Ba a shanya tsumma a gaban baƙo. Ke dai ki kula da tukunyarki."

Ya kai bokitin ɗakinsa ya tura ƙarƙashin benci.

Nawa aikin shi ne in tari motar baƙuwar a mahaɗa in nuna hanya. Hanya biyu ce zuwa makarantar. Gajerar ta bi ta wajen masu bulo da bakin rami, duk caɓi ce. Doguwar mai kwalta ce, ta zagaye unguwar ta bayan kasuwa. Na sa farar rigata, na shiga gaban mota, na ce wa direba ya bi doguwar. Ban so a ce mun jefa motar baƙi a taɓo ba. Baƙuwar ba ta ga ramin ba ko daga nesa.

Yarinya ce sa'ar 'yata ta fari, da tabarau da littafin rubutu. Ta rusuna ta gai da manya. Baban Makullai ya kai ta baranda ya nuna mata rajistarsa: takalma ɗari da arba'in a jere, wasu har suna sheƙi. Ta yi murmushi, ta ɗauki hoto.

"Ashe kowa na da takalmi, Baba?"

"Kamar yadda kika gani, 'yata."

Ta juya ga yaran ta ce wanda ya karya kumallo yau ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, domin kowace uwa ta ja kunnen nata tun a gida. 'Yar tela, wata 'yar shekara tara da ake kira Allura saboda sirantarta, hannu biyu ta ɗaga, aka yi dariya. Ita ce mai wani farin dutse mai jan zane, wanda a lokacin yake ƙarƙashin benci. Baƙuwar ta leƙa tukunya ta ga nama yana iyo.

Ba wawiya ba ce, wannan zan shaide ta. Ta ga yadda yaran suke bin tukunyar da ido. Ta ja Baban Makullai gefe, sai dai gefen nan a ƙarƙashin rumfa yake, iyaye na zaune kunne a buɗe.

"Baba," ta ce a hankali, "ni abin da na gani da abin da aka gaya mini kaɗai nake da ikon rubutawa. Wuri arba'in ne suka nema, goma sha biyu za a ba. Me kuka rasa?"

Ya dubi tela. Ya dubi mai wanki, wanda ke sanye da rigar wani da aka kawo masa guga.

"Alhamdu lillahi, 'yata. Ba mu rasa komai ba."

Ta sake tambaya. Yayata ta saki ludayi a tukunya, ta taho har ta buɗe baki. Ya yi mata kallo ɗaya, ta koma. Sai baƙuwar ta juyo gare ni.

"Malam, kai ka rubuta takardar. Ko akwai abin da aka manta?"

Na gyara tsayuwa na ce: "Abin da na rubuta, da sani na rubuta shi."

Ta rufe littafinta. Da za ta tafi aka sa mata kwandon ƙwai a mota, wanda aka tattaro daga gidajen da 'ya'yansu ba su san ɗanɗanon ƙwai ba. Ta ƙi karɓa, aka ce ba a mayar da hannun kyauta baya.

Bayan kwana goma amsa ta zo. Aka taru a filin makaranta, na hau baranda na karanta. Sakin layi na farko yabo ne: an ce unguwarmu abin koyi ce, an ga tsafta da haɗin kai da wadatar zuci. Mutane suka tafa, mai fenti har da miƙewa. Na biyu ya ce tun da ya bayyana al'umma za ta iya ɗaukar nauyin shirin da kanta, an karkatar da tallafin zuwa wuraren da suka fi buƙata. Na uku ya ce wurin da aka tabbatar ya tsaya da ƙafarsa ba zai sake nema ba sai bayan shekara uku.



"Akawu, sake karantawa," in ji mai fenti. "Wataƙila ka tsallake layi."

Na ce masa ni ba na tsallake layi.

Shinkafa ta ƙare a mako na uku. Unguwa ta yi karo-karo, ya kai kwana huɗu. An mayar da takalman aro, duwatsu sun dawo baranda, amma kullum layin sai ƙara gajarta yake. Yaro zai zo da safe ya ajiye dutsensa, da rana ta take a nemi mai dutse a rasa. Da Baban Makullai ya ga haka, sai ya bar wa yayata tsaron ƙofa, ya ɗauki ƙararrawa da sanda ya koma bakin rami. Daga sha biyu zuwa biyar yana zaune a kan wani fasasshen bulo, ko ana ruwa ko ana rana. In ya hango yaro sai ya kaɗa ƙararrawa ya taso da sanda. Shekararsa sittin da takwas a lokacin.

Sai dai ramin yana da faɗi, kuma yana da lungu a bayan wani tulin tsakuwa, inda mai zama a wannan gefe ba ya gani. A mako na shida, Allura da ƙawayenta biyu suka zagaya lungun nan don su wanke robobin ruwa da suka tsinto, su sayar su sayi burodi. Roba ɗaya ta kuɓuce wa Allura, ta miƙa hannu, santsi ya ɗebe ta. Ya ji ihun ƙawayen. Kafin ya zagayo tulin da ƙafar nan tasa, ruwa ya kwanta. Shi ya shiga ya fito da ita, karo na biyu ke nan a rayuwarsa.

A wajen zaman makoki ina kusa da shi. Tela ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Na zaci zai yi masa ƙorafi, da ma ya yi.

"Baba, ka rufa mana asiri ranar nan," ya ce. "Allah ya rufa naka."

Baban Makullai ya zare hannunsa, ya tashi ya fita ba tare da ya nemi takalminsa ba.

Washegari ya zo gareji. Bai tsokane ni ba. Ya ɗora farin dutsen mai jan zane a kan teburin da nake ajiye kayan aiki.

"Ɗauko biro. Rubuta sunan ɗana da shekarunsa. Rubuta nata. Rubuta duk waɗanda suka riga su, zan faɗa maka. Sannan mu bi unguwa gida gida."

Shafi goma sha ɗaya na rubuta, babu jimla ko ɗaya mai daɗi a ciki. Mu biyu muka kai ofishin da ƙafarmu. Jami'ar ta karanta a gabanmu, ta cire tabarau ta daɗe tana goge ido. Ta ce an riga an raba na bana, kuma dokar shekara ukun ba ita ta kafa ba, ba ta da ikon ɗage ta.

"Baba, sau uku na tambaya," ta ce. "Da ko kalma ɗaya kuka ce mini."

"Kin tambaya, 'yata," ya ce. "Ni shaida ne."

Ya ƙara hutu biyu a kan bulon nan. A na farko Allah ya tsare. A na biyu ramin ya ci ɗan mai faci da sassafe, kafin ya iso. Ruwan da ya yi ta dukansa a shekarar ya sauka masa a ƙirji, ya yi ta tari har damina ta wuce, ya rasu a ɗakinsa yayata na riƙe da kansa. Makaranta ta karɓi makullanta. Ƙararrawar tasa ce, da kuɗinsa ya saya, ita da bokitin duwatsun yayata ta aiko mini da su.

Bana shekara ukun ta cika. Ni da yayata muka ari makullin makaranta muka sake buɗe shirin da ɗan karo-karo. Na cike sabuwar takarda, na haɗa da shafi goma sha ɗayan nan, na ƙara na goma sha biyu a kan ɗan mai faci. An aiko cewa za a zo dubawa ranar Alhamis mai zuwa. Na sanar da kowa cewa a mahaɗa za a ajiye mota, baƙon zai tako da ƙafa ta wajen masu bulo, ya tsaya a bakin rami, kuma abin da ke cikin tukunya ranar Laraba shi zai gani ranar Alhamis. Kowa ya ce haka ne, gaskiya ne.

Jiya mai fenti ya same ni a gareji da buroshinsa a hannu.

"Akawu, fari za a shafa bana ko shuɗi?"

Na ce masa katanga za ta zauna yadda take.

"Haba, a gaban baƙo?" ya ce. "Ko baranda kaɗai?"

Yau da safe kuma na ga matar mai wanki ta wuce ta gaban gareji da buhu a ka, hancin wani jan takalmi ya leƙo ta bakinsa. Ta gaishe ni, ta ƙara sauri.

Ranar Alhamis zan riga kowa zuwa ƙofar makaranta da bokitin nan. Duk yaron da ya zo da takalmin da ban san shi da shi ba, zan cire masa da hannuna in ba shi dutse. Za a ce na tona wa unguwa asiri, wasu ba za su sake amsa gaisuwata ba, kuma ba zan ce sun yi mini ƙarya ba. Farin dutsen mai jan zane shi zan sa a farkon layi. Idan aka ce kowa ya tsaya a bayan abinsa, baƙon zai ga gurbin, ya tambaya, ni kuwa in ba shi amsa.